Tambayoyin Masu Karatu: Ƙara wa Wayar Famfon Tafkin Kifi Tsawo

Tambaya daga wani mai karatu a Agege, Legas:

Assalamu alaikum. Na gina ɗan tafki a bayan gidana, na zuba karfasa da 'yan kifayen ado, sannan na sayi ƙaramin famfo a kasuwar Alaba domin ya riƙa juya ruwan. A jikinsa an rubuta bolt 12 da wat 36, kuma ya zo da ƙaramin taransifomarsa. Wayar da ya zo da ita ba ta kai inda soket yake ba, saura kamar mita 15. Wani yaro ya ƙara mini da siririyar waya, ya naɗe mahaɗar da salatif. Tun daga ranar ruwan ba ya fita da ƙarfi, da almuru kuma sai famfon ya tsaya yana gurnani kawai. Da na kwance salatif ɗin sai na ga wayar ta yi kore. Shin ana iya ƙara wa irin wannan waya tsawo, ko kuwa akwai haɗari? Wace waya ya kamata in saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ana iya ƙara mata tsawo, kuma famfon da ka saya shi ne irin da ya fi dacewa da gidan da yara ke kai da kawowa, domin wutar bolt 12 da ta fito daga taransifoma mai kyau ba ta da ƙarfin da za ta kashe mutum ko da hannunsa a jiƙe yake. Sai dai wannan sauƙin da ta yi wa jikin mutum ya zo da nasa sharaɗin: wuta mai ƙaramin bolt ba ta jure siririyar waya, kuma ba ta jure mahaɗar da ruwa ke shiga. Abubuwan nan biyu su ne suka taru a bayan gidanka.

Bari mu fara da kaurin waya, domin nan ne mutane suka fi yin kuskure, har da wasu masu gyaran wuta da suka saba da aikin cikin gida. Duk wata waya tana cin wani abu daga wutar da ke bi ta cikinta, kuma abin da take ci yana ƙaruwa gwargwadon tsawonta da yawan wutar da injin ke ja, yana kuma raguwa gwargwadon kaurin jan ƙarfen da ke cikinta. Famfonka mai wat 36 a kan bolt 12 yana jan amfiya 3 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya), wato 36 a raba da 12. Da a ce famfo ne mai wat 36 amma na wutar gida mai bolt 230, abin da zai ja bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya guda ba, kuma ko wace irin waya aka sa masa ba zai nuna alamar komai ba. Wannan ne ya sa wanda ya yi maka aikin ya ga ƙaramin famfo ya ɗauka cewa ƙaramar waya ta ishe shi. Wanda yake da naira 230 a aljihu ya yar da naira biyu, ba zai ma lura ba. Wanda duka-duka naira 12 gare shi ya yar da biyu, ya rasa kashi ɗaya cikin shida na abin hannunsa.

Ga yadda za ka yi lissafin da kanka, kuma ina so ka yi shi kafin ka je kasuwa. Ka ɗauki tsawon da za ka ƙara ka ninka shi biyu, saboda wuta tana zuwa ta sili ɗaya ta dawo ta ɗayan, don haka mita 15 ɗinka mita 30 ne a lissafi. Ka ninka 30 da amfiya 3, ka sake ninka abin da ya fito da 0.0175, wanda shi ne adadin turjiyar jan ƙarfe, sannan ka raba da kaurin wayar, wato lambar nan da ake bugawa a jikinta kamar 0.75 ko 1.5 ko 2.5. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da za su salwanta a hanya. Idan wayar da aka ƙara maka mai 0.75 ce, za ka rasa bolt 2.1, wato sama da kashi 17 cikin ɗari. Da mai 1.5 za ka rasa bolt ɗaya da ɗan kaɗan, da mai 2.5 kimanin 0.6, da mai 4 kuma kimanin 0.4. Abin da aka saba nema shi ne kada asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari, wanda a kan bolt 12 ya kama 0.6. Ke nan mai 2.5 ita ce mafi ƙanƙanta da zan yarda ka sa, kuma idan aljihunka ya ba da dama ka ɗauki mai 4, domin wayar da famfon ya zo da ita daga kamfani ita ma tana cin nata rabon, zafin rana kuma yana ƙara wa jan ƙarfe turjiya.

Tsayawar da famfon ke yi da almuru ita ma tana da dalilinta, kuma dalilin na garin nan ne. Idan taransifomar taka mai nauyi ce, irin mai baƙin ƙarfe da naɗin waya a ciki, to abin da take fitarwa yana bin abin da aka ba ta ne sau da ƙafa. Wutar ƙasar nan a ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa a Agege ya san yadda ƙwan lantarki ke dusashewa bayan magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firij da talabijin. Idan wutar ta sauka zuwa 190, taransifomarka ba za ta ba da 12 ba, abin da za ta bayar bai kai 10 ba. Ka cire abin da siririyar waya ta ci da abin da mahaɗa mai tsatsa ta ci, sai ka ga abin da ya isa ga famfon bai wuce bolt 8 ba. A wannan matakin injin ba shi da ƙarfin juya farfelarsa, sai ya tsaya yana gurnani yana ɗaukar zafi, kuma barin sa a haka dare bayan dare shi ne ke ƙone shi. Idan ka ji wannan gurnanin ka cire filogi nan take. Maganin wannan ɓangaren shi ne ka sa taransifomar a bayan sitabilaiza. Idan kuma famfon naka irin wanda ke aiki da wutar batir ne, wanda za ka ga an rubuta DC a jikinsa, to akwai ƙananan adafta marasa nauyi da aka rubuta musu bolt 100 zuwa 240, waɗanda ke riƙe bolt 12 daram ko da wutar gari ta yi ƙasa. Amma ka duba rubutun jikin famfon da kyau, domin famfon da aka rubuta wa AC, wato wuta mai kai-komo irin ta gari, ba ya aiki da adaftar DC, haka ma akasin haka. Kuma kada wani ya ba ka shawarar sayen taransifoma mai bolt 24 wai don a cike giɓin da waya ta ci. Ranar da wuta ta zo da cikakken ƙarfinta famfon zai ƙone.

Yanzu sai batun sayen wayar kanta, kuma a nan nake so ka buɗe ido sosai. Lambar da ke jikin waya ba kullum take faɗin gaskiya ba. Akwai wayoyin da cikinsu alminiyam ne aka yi masa fentin jan ƙarfe a sama, kuma alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, ga shi yana saurin ruɓewa idan ya haɗu da laima. Ka tafi da 'yar wuƙa ko reza, ka nemi mai shago ya fere maka bakin wayar, ka kankare sili ɗaya. Idan ka ga ja har ciki, jan ƙarfe ne. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, ka ajiye ta komai arharta. Wata hanyar ita ce a kunna wa silin ashana: na alminiyam yana lanƙwashewa ya zube nan da nan, na jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja ya yi baƙi yana tsaye. Akwai kamfanonin waya na cikin gida da aka daɗe da sani, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin da Kabelmetal, kuma hukumar SON ce ke da alhakin sa ido a kan ingancin irin waɗannan kaya, amma ko sunan wa ka gani a jikin waya kada ka bar gwajin wuƙar nan, domin masu jabu sunan da ya yi fice suke bugawa. Ka nemi kebul mai sili biyu, mai laushi, kuma zagayayye, ba mai faɗi irin na lasifika ba. Wanda ya fi dacewa da waje shi ne mai baƙar rigar roba da ake rubuta wa H07RN-F, saboda an yi shi ne don jure ruwa da wahala. Idan ba ka same shi ba, kebul na yau da kullum zai yi, muddin za ka zura shi cikin bututu yadda rana ba za ta taɓa shi ba.

Inda za a yi mahaɗar ya fi yadda za a yi ta muhimmanci. Wayar da ta fito daga jikin famfon an like ta ne tun daga kamfani yadda ruwa ba zai shiga ba, saboda haka kada a yanke ta a kusa da famfon, kuma kada wata mahaɗa ta kwana a cikin tafki. Ka bar wa famfon duk tsawon wayarsa ta asali, ta fito daga ruwa ta hau tudu, sannan sabuwar waya mai kauri ta ɗauka daga nan har zuwa taransifoma. Ita taransifomar ta zauna a cikin ɗaki ko a wurin da ruwan sama ba ya kaiwa kuma iska na ratsawa. Wasu famfunan suna zuwa da 'yar mahaɗa mai murɗawa tsakanin famfo da taransifoma, kuma kamfanoninsu suna sayar da ƙarin waya mai irin wannan bakin. Inda aka sami haka ya fi kyau a saya a murɗa kawai ba tare da an yanka komai ba, domin yanke waya yakan soke garantin kaya. Tunda taka an riga an yanke, sai mu gyara abin da ke hannu.

Koren da ka gani a wayar alama ce cewa ruwa ya shiga ya fara cin jan ƙarfen. Salatif ba ya hana ruwa. A zafin Legas gam ɗinsa yana narkewa cikin 'yan makonni, ya saki, laima ta kwanta a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi wannan muni shi ne ruwan ba ya tsayawa a mahaɗar, yana bin tsakanin siraran silin yana tafiya a cikin rigar wayar, wani lokaci har ya yi nisa. Don haka ka riƙa yanke wayar famfon kaɗan-kaɗan kana ferewa, har sai ka iso inda jan ƙarfen yake sheƙi ba baƙi ba kore, daga nan za ka yi sabuwar mahaɗa.

Hanyar da na fi so, saboda ana iya buɗewa a duba, ita ce a sayi mahaɗa ko ƙaramin akwatin haɗa waya da aka rubuta wa IP68. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 8 kuma tana nufin zai iya zama a cikin ruwa. A bakinsa biyu akwai goro mai zoben roba a ciki, wanda idan aka murɗa shi yake shaƙe kebul ɗin ta kowane gefe. Wannan ne dalilin da ya sa na ce ka sayi zagayayyen kebul, domin mai faɗi yana barin kafa a gefe biyu komai ƙarfin murɗawa. Tunda sabuwar wayar ta fi ta famfon kauri, ka tafi da guntun kowacce kasuwa ka gwada su a bakin goron kafin ka biya, ka tabbata zoben ya kama siririyar ita ma. A cikin akwatin a ɗaure silin da sukurori, ko da irin ƙananan mahaɗan nan masu ɗan hannu na kamfanin Wago, waɗanda ke karɓar waya daga siririya har zuwa mai 4. Kada a murɗe sili biyu da hannu a bar su haka, domin a wuta mai amfiya 3 mahaɗar da ba ta kamu ba tana ɗaukar zafi, kuma tana cin bolt kamar yadda doguwar waya ke ci. Hanya ta biyu ita ce a like silin da dalma, a rufe kowanne da robar nan da ake hura wa zafi ta tsuke, amma irin mai gam a cikinta, sannan a sake rufe su duka biyun da wata babba. Wanda zai yi haka ya sa mahaɗar sili ɗaya ta ɗan wuce ta ɗayan da kamar tsawon ɗan yatsa, yadda ko robar ta huje ba za su taɓa juna ba. Idan famfon DC ne, sai a kula kada a juya silin: wanda ya fito daga alamar tarawa ya koma ga ɗan'uwansa, domin juya su yana iya lalata na'urar da ke cikin famfon. Ka sa wa sili ɗaya alama kafin ka yanke.

Ko da akwatin ya ce ruwa ba ya shiga, ka ɗaure shi a jikin katanga ko a kan ɗan ginshiƙi sama da inda ruwa ke kaiwa a watan Yuni da Yuli, ka juya bakinsa ƙasa, ka bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa a ƙarƙashinsa yadda ruwan da ya bi jikinta zai ɗiga ƙasa maimakon ya gangara ciki. Sauran tsawon kuma ka zura shi a bututun roba, ko ka bi da shi jikin katanga, ko ka binne shi kamar zurfin kamu ɗaya inda fartanya ba za ta kai ba. Ɓeraye da gafiyoyi suna gaigayar rigar waya, saboda haka a toshe bakin bututun. Kada ka haɗa wannan waya da wayar wutar gida a bututu ɗaya, domin idan rigunansu suka lalace suka taɓa juna, wutar bolt 230 za ta bi ta shiga tafkin, kuma duk amincin da ka saya ya tafi. Ragowar waya kuma a yanke ta, kada a naɗe ta a ajiye a gefe, domin kowace mita da ba a buƙata asara ce.

Bayan an gama, ka sa a auna maka da mitar gwajin wuta yayin da famfon yake aiki, sau ɗaya a bakin taransifoma, sau ɗaya a mahaɗar da ke kusa da tafki. Awon da aka yi famfo na kashe ba ya nuna komai, domin sai wuta na gudana waya take cin rabonta. Idan bambancin bai wuce rabin bolt da ɗan abu ba, aiki ya yi. Idan bolt ya cika amma har yanzu ruwa ba ya fita da ƙarfi, to ka cire filogi, ka buɗe gaban famfon ka wanke farfelar da soson da ke tace datti, domin gansakuka da kashin kifi suna toshe su. Ranar da wannan famfon ya gaji kuma za ka sayi wani, ka nemi mai bolt 24: a kan waya iri ɗaya da wat iri ɗaya, kason da zai rasa a hanya kashi ɗaya cikin huɗu ne na abin da mai 12 ke rasawa.

Tambaya daga wata mai karatu a Ajah, Legas:

Ni ma ina da ɗan tafkin ado a tsakar gida, amma famfona ba shi da taransifoma, kai tsaye ake sa filoginsa a soket. Wayarsa ba ta kai ba, shi ne nake jona ta da doguwar waya mai soket irin ta cikin ɗaki, ina rufe wurin da leda. Ko zan iya sa a yanke a ƙara mata tsawo a huta?

Amsa:

Hajiya, ina roƙon ki ki cire wannan filogin yau ɗin nan, kafin ki yi wani abu. Famfonki na wutar bolt 230 ne, kuma duk sassaucin da na yi wa mai tambaya ta farko bai shafe ki ba. Jikin mutum idan ya jiƙe turjiyarsa tana raguwa ƙwarai, kuma wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya hargitsa bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji. Soket ɗin cikin ɗaki da aka naɗe da leda a tsakar gida, a unguwar da ruwa ke kwanciya bayan kowane mamako, abu ne da zai iya halaka yaron da ya tako wurin ba takalmi ba tare da ya taɓa wayar ba. Leda kuma ba ta hana laima, tara ta take yi.

Abin da ya dace shi ne a kawo wutar kusa da tafkin ta hanyar da aka tanada, maimakon a ja wayar famfon zuwa ɗaki. A nemo ƙwararren mai aikin lantarki, zai fi kyau wanda yake da takardar shaida daga hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa kuma take tantance masu irin wannan aiki. Ya jawo kebul mai sulke daga allon rarraba wutar gidan, ya binne shi, ya kafa soket na waje mai murfi a jikin bango sama da inda ambaliya ke kaiwa, kuma nesa da inda mai tsoma hannu a ruwa zai iya miƙa ɗaya hannun ya taɓa. Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko, layin ya bi ta na'urar da ake kira RCD mai lamba 30mA, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ji wuta na zurarewa zuwa ƙasa. Ƙananan makunnan da ke jere a allon gidanki ba wannan aikin suke yi ba. Su waya suke karewa daga yin zafi, kuma mutum zai iya mutuwa ba su motsa ba. Na biyu, a auna a tabbatar wayar ƙasa ta gidan tana aiki, domin akwai gidaje da dama da ramin soket na uku ba a jona shi da komai ba. Ki kuma tambayi mai aikin ko kariyar tana nan lokacin da aka juya gidan zuwa janareta ko inbata, domin ba kullum ake haɗa su yadda RCD zai yi aikinsa ba. A jikin na'urar akwai ɗan maɓallin gwaji, ki riƙa danna shi lokaci-lokaci ki ga ta yanke.

Ko bayan an yi wannan duka, ƙa'idar gidan ta zama cewa ba mai sa hannu a tafkin sai an cire filogi. Iskar yankin Lekki da Ajah tana ɗauke da gishirin teku, wanda ke saurin cin sukurori da bakin soket, saboda haka a buɗe a duba kafin damina ta kankama. Ra'ayina kuwa, idan akwai ƙananan yara ko jikoki a gidan, kuɗin da za ki kashe a wannan aikin gara ki sa shi a famfo mai bolt 24, taransifomarsa ta zauna a cikin ɗaki, wayar da za ta fita tsakar gida ta zama mai ƙaramar wuta.

Tambaya daga wani mai kiwon kifi a Mile 12, Legas:

Famfona na bolt 12 ne, ina so in jona shi da batirin sola da ke cikin shagona, nisan kamar mita 10, saboda ya riƙa aiki da dare idan an ɗauke wuta. Akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Amsa:

Malam, shawararka ta barin famfo ya kwana yana aiki daidai ce, domin iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ta fi yin ƙaranci gab da asuba, bayan gansakuka da kifayen sun kwana suna shan ta babu hasken rana da zai sa a mayar. Ruwa mai ɗumi irin namu ma tun asali bai riƙe ta da yawa: a ma'aunin zafi 30 abin da yake iya ɗauka kimanin miligiram 7.5 ne a kowace lita, alhali a 20 ya haura 9. Tarwaɗa tana iya tasowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jurewa, amma karfasa ba ta da wannan baiwar, kuma ita ce ake wayar gari a tarar ta juya ciki sama.

Lissafin kaurin waya shi ne wanda na yi bayani a amsar farko, sai dai ka sa mita 20 a madadin 30, kuma ka fara tabbatar da cewa DC aka rubuta a jikin famfon. Abin da ya bambanta naka shi ne batir. Ƙaramar taransifoma ba ta iya ba da wuta mai yawa, amma batir idan silinsa biyu suka haɗu yana iya turo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, wayar ta yi ja ta kama da wuta tun daga cikin shago. Saboda haka dole ne ka sa fis a kan silin tarawa, dab da kan batirin, ba a can wajen famfo ba. Ga famfo mai jan amfiya 3, fis mai amfiya 5 irin na mota ya wadatar. Zai fi kyau kuma ka ɗauki wutar daga bakin da aka tanada wa kaya a jikin na'urar da ke kula da cajin sola, domin tana yanke wuta idan batir ya yi ƙasa sosai, ta hana shi mutuwa.

Ka kuma auna ko batirin zai kai ka safiya. Famfo mai wat 36 idan ya yi awa 12 yana aiki zai sha 432 a ma'aunin wat-awa. Batir mai 100Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da kimanin 1,200, amma irin mai ruwan batir ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, wato 600. Ke nan zai ɗauki famfon, amma abin da zai rage wa fitilu da fankar shagon kaɗan ne. Idan kuma famfon naka irin na zamani ne mai ɗan akwatin rage gudu da ƙara shi, za ka ga wayar da ke tsakanin akwatin da famfon sili uku gare ta ko fiye. Wannan ba a yanke ta. Ka ƙara tsawon a ɓangaren da ke tsakanin batir da akwatin, inda sili biyu ne kawai, sannan ka kafa akwatin a inuwa kusa da tafkin inda ruwan sama ba zai same shi ba.